Kada Ki Darje Dalolin Inna Hajjo

Zuwa ga ɗiyata Ma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan wagga takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, mota ba ta ba ku wahala ba, bayanki bai ƙage da zama ba. Allah Ya sa kin shiga garin da ƙafar dama, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoron Allah a asibitin nan, Ya tsare min ke fita da shiga. Ki gaishe min da goggonki da mutanen gidanta, ki ce na gode da karɓar ki da sunka yi.

Labarin gida ba zan ba ki ba, tunda jiya-jiya kinka bar shi. Na cusa takardar nan cikin akwatinki, ƙarƙashin gwangwanin da babanki ya ba ki, don in kin ɗaga shi ki gan ta tun ba ki buɗe murfi ba. Na san da ta waya na kira ki, da ban yi rabin magana ba za ki ce, "To Mama, na ji," kina dariya. Takarda kuwa ba ki da yadda za ki katse ta. Kwana uku na yi ina rubuta ta, saboda haka ki zauna ki karanta har ƙarshe.

Ga abin da ya sa. Ran Juma'a da babanki ya miƙa miki gwangwanin nan mai ɗauke da tsofaffin dalolin azurfa huɗu na kakarki Inna Hajjo, mahaifiyata, ina tsaye bakin madafa ina jin ku. Kinka buɗe, kinka warware takarda ɗaya, kinka yamutsa fuska, kinka ce, "Kai Baba, wanga baƙi haka? Bari in isa Kaduna, sai sun yi ƙyalli kamar sababbi." Babanki ya waiwayo ya dube ni. Ni kuwa na san za ki aikata. Hannuna kinka ɗauko, Ma'u. Ke ce kinka darje tukunyar miyata har gindinta ya huje kina 'yar shekara goma sha biyu. Yanzu ga ki ma'aikaciyar jinya, ga auduga, ga sifirit, ga bilic, duk a hannunki. Dalolin nan huɗu su kaɗai sunka rage yadda Inna ta san su, in kin goge su ba wanda zai iya mayar da su.

Ba zan yi miki wa'azi ba. Ɓarnar da na yi da hannuna zan faɗa miki, ɗaya bayan ɗaya, ki ɗauki abin ɗauka.

Ta farko ina amarya, wata uku da kawo ni Jega daga Andarai. Kin san al'adarmu ta jeren ɗaki. Lokacinmu ta fi haka tsanani. Kowace Alhamis mace za ta sauke tasoshi da kwanoni da farantan tagulla, ta jiƙa tsamiya, ta ɗebo toka da yashi mai laushi, ta zauna tsakar gida ta yi ta darza har ta ga fuskarta a jikin tasa. Matan unguwa in sun shigo gaisuwa, bakinsu na gaishe ki, idonsu na kan jere. Ni kuwa na yi suna. Har cewa ake, "Ku je ku ga ɗakin Rabi." Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye miki ba.

Babanki a lokacin fataucin albasa yake, kamar yanzu. Amma duk kasuwar da ya je, Aliero ko Maiyama ko ƙauyukan gefe, yakan tambayi tsofaffi ko suna da kuɗin da, waɗanda anka daina kashewa: anini, kwabo mai huji, sisi, sule mai itacen kwakwa. Yakan saya ya tara, wani Alhaji daga Kano ya zo sau biyu ko uku a shekara ya zaɓa, shi ma ya kai wa masu sha'awar ajiye irinsu. Ni ban san da wannan ba, ba wanda ya faɗa min.

Ran nan ya tafi Aliero lodin albasa, zai kwana uku. Ina shara na jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, na tarar da ƙunshin tsumma cike da kwabbai masu huji, duk sun yi duhu kamar ƙasar fadama. Na ce, "Wayyo, bawan Allah! Ashe haka ya zauna ba mace, har kuɗinsa sun yi dauɗa." Na juye su cikin ruwan tsamiya, na kawo toka, na zauna. Yini guda na yi, yatsuna har sunka yi kanta. Na shanya su a faifai, sun yi jajawur kamar sabuwar tasa. Da ya dawo ko ruwa ban bari ya gama sha ba, na ɗauko faifan na dire gabansa ina jiran yabo.

Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Rabi, duka?"

Na ce, "Duka, Malam. Ko ɗaya ban bari ba."

Ya ce, "To. Sannu da aiki." Ya ajiye kofin ruwan, ya fita zaure.

Na ɗauka gajiya ce. Sai da Alhajin Kano ya zo bayan mako biyu na gane. Na laɓe bayan ƙofar zaure don in ji yadda zai yaba. Na hango ya ɗauki kwabo ɗaya, ya ciro wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu, ya kara a ido. Sai ya ce, "Malam, wa ya yi musu wanka?" Babanki ya ce, "Iyali ce, ba ta sani ba." Alhaji ya ce, "Duba nan. Duk an karce fuskar, rubutun ya lafe. Wanga jan ma ba nasu ba ne, tsami ne ya cinye fatar. Masu saye tsufan suke nema, ita kuwa tsufan ta wanke." Ko ɗaya bai ɗauka ba. Abin da babanki ya yi shekara biyu yana tarawa, ƙarshe maƙera ya kai wa a matsayin tarkacen ƙarfe. Na koma ɗaki na yi kuka, rabi na kunya, rabi na haushin Alhajin da ban taɓa yi wa komai ba.

To ki ji, Ma'u. Duhun da kike gani jikin tsohon kuɗi ba datti ba ne. Fata ce da ƙarfen ya yi wa kansa a hankali cikin shekaru, ita ke kare shi, ita kuma wanda ya san abin yake fara dubawa. Kada ki goga musu komai. Ba toka, ba yashi, ba soson ƙarfe, ba garin wanke tukunya, ba man goge haƙori, ba buroshi. Ko gefen hijabinki kada ki sa ki ce za ki ɗan share, don ƙurar da ke jikin yadi ma tana karcewa, ido ba ya gani amma gilashin nan yana gani. Kuma ko ba a kan kuɗi ba, in kin tarar da kayan mutum, ki tambaye shi kafin ki gyara masa. Ni da na jira kwana uku kacal, da ban yi wannan ɓarna ba.

Za ki ce daga nan na yi hankali. Ina! Bayan shekara guda da wani abu, ina goyon babban yayanku, wani manomi a Mungadi yana huɗa garmarsa ta fasa wani ɗan tulu, sai ga sulalla a ciki, laka ta manne su. Babanki ya saye su ya kawo gida a ƙaramin buhu. Ya ce min, "Rabi, waɗanga kada ki taɓa, sai na samu sarari." Na ce to.

Kwana biyar buhun nan yana jingine a lungun ɗaki yana kallona. Wallahi ko barcin rana na kwanta sai in ji kamar lakar nan a jikina take. Sai ga maƙwabciyarmu Kulu ta shigo aron turmi, Allah Ya jiƙanta, kin san ta, ba abin da ba ta da maganinsa. Na ba ta labari. Ta ce, "Ke Rabi, darzawa ya hana ki, ai bai hana ki jiƙawa ba. Matse lemun tsami, ki zuba gishiri, ki tsoma su ki rufe. Hannunki bai taɓa ba, su da kansu za su wanke kansu." Maganar ta yi min daɗi, don abin da nake son ji ke nan. Na ɗebi rabin buhun na jiƙa, na tura kwanon ƙarƙashin gado.

Da na buɗe bayan kwana biyu, ruwan ya koma kore, sulallan sun yi fari fat, jikinsu duk ƙananan ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana. Na ce innalillahi. Ga inda na ƙara ɓata lamarin: maimakon in faɗa, sai na ƙulle su a tsumma na tura cikin buhun gero. Ba a yi mako ba babanki ya zo ɗibar geron da zai ba wani, hannunsa ya ci karo da ƙullin.

Ya kira ni. Na zo ina sunkuyar da kai. Ya ce, "Wa ya ba ki wagga dabara?" Na ce Kulu. Ya ce, "Kulu ta taɓa riƙe sulen da a hannunta?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ɓarnar ba ta dame ni kamar ɓoyon ba. Da kin faɗa min ranar, da mun ɗauraye su, watakila a tsira da wasu." Wannan magana ta fi min duka ciwo.

Shawara ta biyu ke nan. Duk wani abu mai tsami ko mai kaifi, ki nisanta shi da su: lemun tsami, tsamiya, gishiri, kanwa, lemun kwalba, balle bilic ɗinku na asibiti. Ci suke, ba wankewa ba. Na san a wayarku akwai masu nuna yadda ake tsoma tsohon kuɗi a wani ruwa ya fito yana walƙiya. Su ma Kulu ce, sai dai sun fi ta kaya masu kyau. Ki nemi shawara wurin wanda ya san abu, kada ki nema wurin wanda zai faɗa miki abin da ranki ke so. In kuma kin yi kuskure, a wurin aiki ne ko a gida, ki faɗa da wuri tun ana iya gyarawa. Ke da za ki riƙa ba mutane magani, wannan ya fi shafar ki.

Amma fa alheri ya fito daga ɓarnar nan. Washegari da hantsi babanki ya shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ya ce, "Tunda hannunki ba ya iya zama, zo in koya masa aikin." Ya ɗauko rabin da ban taɓa ba. Ga yadda munka yi, ki riƙe shi, ko da wata rana wani ya kawo miki kuɗin da anka tono daga ƙasa.

Da fari ya sa na wanke hannu da sabulu na shanya sosai. Ya shimfiɗa tawul ninki biyu, don in ɗaya ya suɓuce kada ya bugi ƙasa. Ya kawo tataccen ruwa daga kemis, irin wanda ba gishiri ba komai cikinsa, kin fi ni sanin sa. Ya ce ruwan rijiyarmu yana da kanwa-kanwa, yana barin tabo. Ya zuba a ƙaramar roba, ya jera sulalla ɗai-ɗai ba tare da wani ya hau wani ba, ya rufe. Na ce, "Sai me?" Ya ce, "Sai jira." Kullum da safe mu zubar da ruwan mu sake sabo. Kwana goma munka yi haka, ni kuwa kamar in yi hauka. Lakar ta riƙa saki da kanta tana kwantawa a gindin robar. Wadda ta maƙale tsakanin rubutu, sai ya jiƙa tsinken sakace har bakinsa ya yi laushi, ya riƙa ɗan tura ta gefe a cikin ruwan, ba ya kankarewa. In ta ƙi, ya bar ta. Wanda ke da maiƙo ya ɗiga masa sabulu marar turare a ruwa, ya kaɗa da yatsa, ya ɗauraye har sau uku. Daga nan a ɗora kan tsumma mai taushi, a ɗan danna wani tsumman a sama ya tsotse ruwan, a juya, a bar su a inuwa su bushe sarai.

Da munka gama na ce, "Malam, ai har yanzu ba su yi haske ba." Ya yi dariya ya ce, "Laka munka zo cirewa, mun cire. Saura nasu ne." Alhajin Kano da ya zo ya juya su, ya juya, ya kwashe duka bai bar ko ɗaya ba. Ya ce a gaishe da mai wanka, ta samu lafiya. Tun daga ranar babanki ke kirana Sarkin Darza in yana son tsokana, har gaban surukai.

Ki lura da kyau: wancan wankin na kuɗin da laka ta rufe ne. Dalolinki ba laka jikinsu, ba su buƙatar ko ɗigon ruwa.

Ɓarna ta uku ta ajiya ce. Da na iya wanki sai babanki ya sakar min ajiyar kayan gaba ɗaya, ni kuma na ɗauka na gama sani. Na juye kwabbai da aninai wuri guda cikin leda, na ɗaure da robar ɗaure kuɗi, na sa a lungun da randa take don a nan ne ba mai taɓawa. Damina ta shigo ta fita. Da na kwance, wasu sun yi wani kore-kore mai gari kamar an barbaɗa musu kuka, ya ci rami a jikinsu, har ya kama na kusa da su. Wani sisi na azurfa kuma, inda robar ta kwanta masa ta bar baƙin layi. Akwai ma wani kwabo mai kyau da na taɓa ɗauka ina tsakar girki, hannuna da mai da gishiri. Shatin babban yatsana ya fito a fuskarsa raɗau, har yau yana nan, babanki ya ƙi sayar da shi, wai shaida ce.

Saboda haka in za ki ɗauki dala, ki kama ta ta gefe da yatsa biyu, kada ki dafa fuskar. Kowace ta zauna cikin takardarta ita kaɗai, yadda babanki ya naɗe su, kada su riƙa gogar juna. Ban da leda, ban da roba. Kaduna ta fi Jega ruwa, ki nema musu wuri busasshe, can saman kabad, ba kusa da banɗaki ko madafa ba. 'Yan ƙullin nan da ke zuwa cikin kwalin magani masu tsotse danshi, ki jefa ɗaya ko biyu a gwangwanin. Kada ki ajiye su kusa da albasa. Kin ga gidanmu gidan albasa ne, amma ba ki taɓa ganin babanki ya bar azurfa a ɗakin da buhu yake ba, don warinta kaɗai yana ɓata ta. In wata rana kin ga koren garin nan a jikin kuɗin tagulla, wannan shi ne ciwo na gaske. Ki ware mai shi daga sauran, ki kira babanki, kada ki yi masa magani da kanki.

Ban da waɗannan, Alhamdulillahi, na ji daɗin abin nan fiye da yadda na zata. Matan rugage da na ƙauye da ba sa iya zama da namiji su yi ciniki, wurina suke shigowa da tsohon kuɗinsu. Nakan ce musu, "Don Allah in za ku kawo, ku kawo shi da dauɗarsa." Su yi ta dariya, wai Rabi mai jere ce ke faɗin haka. Ni da babanki mun yi hira mai yawa a kan tabarmar nan muna jiran laka ta saki. Ban san ko da mun saba haka ba, ba don kwabban nan ba.

Saura ta huɗu. Ita ce ban taɓa faɗa miki ba, ita ce kuma dalilin takardar.

Da anka haife ki, Inna Hajjo ta zo daga Andarai yi min wankan jego. Lokacin idonta ya yi rauni ƙwarai, sai dai ta gane mutum da murya, amma hannunta da hancinta ba su tsufa ba. Ta zo da 'yar jakarta ta fata mai dala bakwai. Kin ga irinsu: manya, masu nauyi, kan mace a gefe guda, tsuntsu mai kai biyu a ɗaya gefen. Na uwarta ne. Uwar tata takan sa su a kitso ranar biki, gashi ya sha man shanu, shi ya sa sunka yi wannan duhu mai santsi. Uku suna da kunne, wato ɗan zoben da maƙeri ya liƙa don a rataya. Inna ta ciro ukun nan ta ce, "Rabi, ga su, ki rataya ranar suna. Kin haifi mace, yau sun samu inda za su."

Ana gobe suna na zauna bakin gado da su a hannu. Na san komai, Ma'u. Shekara takwas ina aikin nan, ba wanda zai ce ban sani ba. Amma sai na tuna matan da za su cika gidan, dangin babanki na Jandutsi, da 'yan unguwa masu kallon jere. Na ce za su ga Rabi da baƙin abu a wuya su ce jego ya sa ta ƙazanta. Sai zuciyata ta kawo min hujja: ai waɗannan ba na sayarwa ba ne, Alhajin Kano ba zai gan su ba, to wace daraja za ta ragu? Inna tana bayan gida tana hura wutar ruwan wanka. Na jawo toka da tsamiya. Kafin ruwa ya tafasa na gama.

Da ta shigo na ce, "Inna, taɓa ki ji." Na sa mata a tafin hannu ina murmushi. Ta shafa ɗaya da babban yatsa. Ta juya ta, ta sake shafawa. Ta kai hanci ta shaƙa. Ta yi haka da ta biyu, ta yi da ta uku. Sannan ta miƙo min, ta ce, "Waɗanga ba nawa ba ne."

Na ce, "Inna, naki ne, wanke su na yi."

Ta ce, "Na ji. Nawa suna da santsi. Nawa suna ƙanshin kan innata. In na yi kewarta su nake shaƙa." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tashi, ruwa zai huce."

Na rataya su ranar suna, mata sunka yi ta yabawa, ni kuwa kamar na rataya dutse. Inna ta ƙarasa arba'in ɗinta tana yi min komai, tana yi miki waƙa, ba ta sake ta da maganar ba. Na roƙe ta gafara ta ce ba komai, ta yafe. Amma ban sake ganin jakar fatar nan ba. Bayan shekara biyu Allah Ya yi mata rasuwa. Anka duba kayanta kaf, ba sauran dala huɗun. Kawunki Buba ne ke tare da ita a Andarai, sai na sa a raina shi ya sayar. Ban taɓa furtawa ba, amma shekara da shekaru ina gaishe shi da wannan abu a ƙirji.

Ran Alhamis ɗin nan da ta wuce, ana gobe za a ba ki, bayan la'asar babanki ya kira ni ɗakinsa. Ya ajiye gwangwani gabana ya buɗe. Na warware takarda, sai ga dalar Inna, baƙa, mai santsi, yadda na san ta. Na ɗago na dube shi.

Ya ce, "Ranar da za ta koma Andarai ta kira ni zaure ta damƙa min. Ta ce, 'Ka ajiye wa jaririyar nan sai ranar da za ta bar gida. Uwarta mutuniyar kirki ce, amma kada ka bari ta gani, hannunta ba ya zama.'"

Na ce, "Malam! Shekara ashirin da huɗu? A gidan da nake sharewa safe da yamma?"

Ya ce, "Cikin rufin zaure, inda tsintsiyarki ba ta kai."

Na ce, "To bayan na yi hankali fa, me ya hana ka faɗa min?"

Ya ce, "Amana ce. Kuma ko makon jiya na gan ki kina darje murfin rijiya."

Na yi dariya har na riƙe ciki, daga nan dariyar ta juye kuka, ya bar ni na yi mai isata. Uwata ta ɓoye min abu, kuma ta yi daidai. Kafin magariba na kira kawunki Buba na faɗa masa zargin da na riƙe, na roƙe shi gafara. Ya ce, "Haba Rabi, shi ya sa gaisuwarki take da sanyi? Na ɗauka halin mutanen birni ne." Ya yafe min, har ya ce zai zo ganinmu lokacin girbi.

Da na natsu na je na wanke hannu na shanya. Na kama ɗaya ta gefe, na kai hanci. Ma'u, yana nan. Ya yi rauni, sai kin rufe ido kin natsu, amma yana nan: man shanu, da hayaƙin bukka, da fatar jakar nan. Shekara ashirin da biyu rabona da Inna, ran nan na ji ta kusa da ni. Na mayar na naɗe da hannuna, ban goga ko da yatsa ba.

Naki ne yanzu, halak malak. In wata rana buƙata ta kama ki kin ga sai kin sayar, ba zan yi fushi ba, kuma a yadda suke ɗin nan ne za su yi miki daraja. Abu ɗaya nake roƙo. In za ki zo hutun Sallah ki zo min da su, yadda suke a naɗe, in ƙara shaƙa.

Allah Ya tsare ki, Ya tsare mutuncinki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk marar lafiyar da kinka taɓa. Allah Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin mutum, Ya ba ki haƙurin da ni sai da na tsufa na samu. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci, kada ki ce aiki ya hana. Babanki yana gaishe ki, yayyenki suna gaishe ki. Allah Ya jiƙan Inna Hajjo, Ya kai haske kabarinta, Ya dawo min da ke gida lafiya.

Wassalam.

Ni ce mamanki,
Rabi, Jega.